Kwaɗon da Ya Yi Baƙi a Gidan Cindo

Ni ba fatauci ya fitar da ni daga Madarumfa ba, miji na bi. Shi ke da jakai biyu da kanwa da gabu, ni ke da akushi da ɗan turmi, aka ce Gwanja za a je a sayo goro. Da 'yan shekaru ne kafin Nasara su shigo ƙasarmu. Ba zan ɓata muku lokaci da kukan da uwata ta yi a bakin tafki ba, don ba shi na zauna in faɗa ba. Labarin Cindo zan ba ku, kuma duk mai jiran ya ji na ce na yi nadama, gara ya tashi tun yanzu ya kama gabansa.

Cindo Bamaraɗe ne, mutumin Safo, abokin maigidana tun suna kiwon awaki. Yatsa shida gare shi a hannun dama, kuma tun daga Ƙonni har cikin ƙasar Bargu babu ranar da shidan nan ba su shiga akushina ba. Sana'ata a cikin ayari ita ce kwaɗo. Inda duk aka ya da zango, kafin maza su gama sauke jakai na shiga daji biɗar ganye. In na samu zogale, to. In babu, rama ko tafasa ko ganyen wake, wata rana ma yaɗiya. In dafa, in matse, in daka ƙuli da gabu da yaji, in yayyafa ɗan ruwan tsamiya. Fatake su saya su ci da dambu ko su ci shi haka nan, maigida da Cindo kuwa akushinsu daban.

Cindo yakan lashe hannu ya ce, "Matar yaya, in kika riga ni mutuwa, wallahi bin ki zan yi."

In ce masa, "Ka dai riƙa wanke na shidan nan, shi ya fi sauran ci."

Mu yi dariya mu uku. Ina tuna dariyar nan har yau, kuma duk sa'ad da na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

A Gaya muka ƙetare Kwara, mu cikin kwalekwale, jakai na iyo ana riƙe da kunnuwansu. Bargu kuwa ba a barci da ido biyu, saboda masu kwari da baka da ke laɓe a duhuwa. Ruwan sha sai na kududdufi, wanda shanu suka tattake. Shi muka sha kwana da kwanaki, kamar yadda maigida ya sha irinsa a tafiyar da ya yi shekarar da ta gabata, ba mu san ya riga ya kwaso abin da zai kashe shi ba.

Muna isa Zugu zazzaɓi ya kama shi, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje, idon sawunsa na hagu ya kumbura ya yi ƙyalli. Ni ɗiyar bakin tafki ce, na san kurkunu tun ina goye. Haka yake yi wa wasu kafin ya huda fata. Abin da ake bukata a ɗora mutum kan jaki, a riƙa naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, har ta fita. Amma wani ya hango ƙurajen ya ce agana, maganar kuwa ta zagaya zango kafin a gama sallar azahar.

Madugunmu wani dogon Bakabe ne, mai furfura a gemu kawai. Ya zo ya tsaya daga nesa, ya rufe hanci da rawani. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kurkunu ne. Ga ƙafar nan a duba."

Ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen Cindo ya ce, "Kai ne abokinsa, ƙasarku ɗaya. Kai ma ka san kurkunu. Mene ne wannan?"

Cindo ya dubi jakanmu biyu da ke ɗaure. Na ga idonsa, babu wanda zai ce mini ban gani ba. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na sha ganin kurkunu, ban taɓa ganin wanda ya yi irin wannan ƙuraje ba."

Shi ke nan. Aka fitar da mu bayan gari, aka kafa mana bukka kusa da wani kuka. Cindo ya ce zai kora jakanmu tare da nasa don kada su lalace, in ya dawo daga Gwanja ya biyo ta kanmu. Da asuba na ji ƙararrawar ayari tana nisa. Kwana uku bayan tafiyarsu tsutsar ta leƙo, fara sol kamar zare. Na naɗe ta a tsinke na fito ina nuna wa masu wucewa, amma wa zai matso? Wanzami ya ƙi zuwa, mai magani ya ƙi zuwa. Tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafar ta ruɓe har gwiwa. Wata tsohuwa Badandiya mai kaɗi ce kaɗai ke ajiye mana kunu a gindin kukar ta koma da sauri, daga baya da ta ga ban kamu ba ta fara shigowa. A kwana na goma sha tara maigida ya cika, kansa a cinyata. Ni da tsohuwar nan da wani malami da ta roƙo muka rufe shi.

Shi madugun ma ban yafe masa ba, amma shi tsoro ya sa ya kore mu. Cindo jaki biyu ya gani. Na ɗaure tsinken nan a bakin zanena, na yi alkawari tsakanina da Ubangijina ba zan sake ganin tafkin Madarumfa ba sai na ga an guje wa Cindo kamar yadda aka guje wa mijina.

Na yi takaba a ɗakin tsohuwar, na zauna har shekara ta kewayo. Cindo bai biyo ba, daman ban sa ran zai biyo ba. Wani ayari ya zo na bi shi da akushina. Muka iske Salga, babban garin Gwanja, ta watse, yaƙin cikin gida ya cinye ta, kasuwar da ake ba mu labari ta zama kango, 'yan goro duk sun zube kudu. Ba ni da wahalar tambaya. Ba na cewa Cindo, don sunan ya yi yawa. Cewa nake, "Kun ga wani Bamaraɗe mai yatsa shida, mai yawan dariya?" A Karaci, wani gari a bakin babban kogi, wani baduku mai ɗinkin takalma ya ce ya gan shi, ya yi ƙiba, ya gangara wajen duwatsun da ke kusa da teku.

A Karaci ne kuma wani mai jirgi ya cuce ni. Ya sauke ni a wani tsibiri ya ce gaɓa ce, ya tafi da ƙunshin gabuna da gishirina. Wuni guda na yi a can ina zaginsa da Hausar da ba ya ji, har wasu masunta suka kwashe ni. Daga nan ƙasa ta canza. Itatuwa suka haɗe sama har ba ka ganin rana, ruwa kullum, tufa ba ta bushewa. Babu gero, babu fura, sai doya da rogo da wata ƙatuwar ayaba da ba a ci sai an gasa. Wata rana na ji warin busasshen kifi a wata kasuwa, na tuna ragar babana shanye a bakin tafki, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

A wani ƙauye kan dutse zazzaɓi ya kayar da ni, wata tsohuwar ƙasar ta ja ni ɗakinta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, da hannu muke magana. A bayan ɗakinta akwai wata itaciya mai 'ya'ya kore kamar ƙananan goruna. Su suna cewa paya, bakinmu ya mai da ita fiya. Da na ji sauƙi na tsinko ɗaya na gatsa, na ji kamar ice. Na ce to, irin kabewa ce, dafawa ake yi. Na dafa, ta yi ɗaci kamar maɗaci. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ɗebo wasu ta tura cikin kwando, ta rufe da ganyen ayaba, ta nuna mini yatsu huɗu. Ashe ba ta nuna a kan uwarta, sai an tsinke an ɓoye. Bayan kwana huɗu ta tsaga mini ɗaya ta barbaɗa gishiri. Na sa a baki na ji kamar man shanu ne ya fito a itace.

Su haka suke cin ta, a tsaga a ci nan take. Ni kuwa mai kwaɗo ce, hannuna bai iya ganin abu mai laushi ya ƙyale ba. Na kwashe naman cikin akushi, na murtsuke, na sa gishiri da barkono da albasa. Na ci rabi da gasasshiyar doya, na rufe saura. Da la'asar na buɗe, sai na ga ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba toka da ruwa. Gabana ya faɗi, na ce an yi mini asiri. Na watsar a bayan ɗaki, kaji suka cinye, na zauna ina jiran su mutu, ba wadda ko ta yi tari. Washegari na sake yi da gangan na bar shi. Da ya yi baƙi na kankare saman da yatsa, sai ga shi kore shar a ƙasa, daɗinsa na nan. Iska ce kawai ke ɓata masa fuska. Na gwada ragowar tsamiyata, ta hana baƙin amma ta dusashe launin. Na gwada lemun tsami, wanda ke zube a ƙasar kamar tsakuwa, sai kwaɗo ya wuni kore. Ban san ranar nan Allah ya miƙo mini wuƙa ba.

Tafiyar wuni guda daga ƙauyen akwai zangon Hausawa, can na iske Cindo. Ya zama mai masauki, gida da zaure biyu da rumbun ajiyar goro, fatake na sauka wurinsa su ba shi amanar kayansu. Ya gan ni tsaye a ƙofar zaure da akushi a ka, fuskarsa ta yi fari, sannan ya tattaro dariyar nan tasa.

"Matar yaya, ke ce? Ina yaya?"

Na ce, "Yana Zugu, inda ka bar shi."

Ya tafa hannu ya yi salati. "Allah ya jiƙansa. Agana ba ta da kirki. Su ma jakan ba su kai Salga ba, duk suka mutu."

Za ku ce me ya hana ni kwarma ihu a nan. In yi ihu wa ya ji? Mace ba miji, ba dangi, ba shaida, sai wani tsinke a bakin zane. Shi kuwa mai gida, mai bakin magana a gaban sarkin zango. Na ce, "Amin. Haka Allah ya so." Ya ce in zauna in riƙa yi wa baƙinsa girki. Ba tausayi ba ne, so yake in kasance inda idonsa ke ganina. Ni ma abin da nake so ke nan.

Shekara ɗaya da rabi na yi a gidan, kuma kwaɗon fiya ya ɗaga shi. Mutanen zango ba su taɓa kula ta ba, suna cewa abincin mutanen daji ne, a hannuna suka san ta. Ina yin mai albasa da yaji a ci da gasasshiyar ayaba. Ina yin mai dakakken ƙuli, mai kauri, a dangwala doya. In kewa ta dame ni in daka busasshen kifi a ciki irin na gida, wannan kuwa har faɗa ake yi a kansa. Ina gasa gauta in murtsuke tare, a shafa a kan masa. Fatake da suka iso bakinsu ya fashe da wahalar hanya, in yi musu mai laushi, gishiri kawai, su sha kamar kunu. Masu tsire ma suka fara aiko da ƙwarya. Ayari tun daga Karaci ake ce musu, ku sauka gidan mai yatsa shida, akwai wani koren abu. Cindo na zaune a zaure yana karɓar yabo, yana zura shidan nan cikin akushina kamar da. Kullum ina kallon hannun.

Abu biyu ban taɓa bari kowa ya lura da su ba. Ba na murtsuke fiya sai baƙi sun wanke hannu. Lemun kuma a rafi nake matse shi in na je ɗiban ruwa, in jefar da ɓawon, in zo da shi cikin ɗan ƙoƙo. Mai kallo zai ce ruwa nake yayyafawa.

Rannan labari ya zo cewa babban ayari na tafe, kuma madugunsa dogon Bakaben nan ne. Na ga Cindo ya daina dariya. Ya san in na durƙusa gaban mutumin nan na faɗi abin da ya faru a Zugu, ko ba a gaskata ni ba, an dai ji. Kwana uku ya riƙa zuwa madafa yana tsayawa a kaina, wai hira.

"Matar yaya, albasa nawa kike sawa? Ƙulin kafin gishiri ne ko bayansa?"

Na nuna masa komai, har yadda ake zaɓen wadda ta nuna. Ya ga ƙoƙon ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Sassautawa nake yi kada ya yi tauri."

A rana ta huɗu ya ce wata baƙuwa ta yi ƙarar ɓatan zobe, ba ya zargina, amma gara in koma ƙauyen tsohuwata har ƙura ta lafa. Na ce to. Na ɗauki turmina, na bar masa akushin, na je bakin kasuwa inda ake hango ƙofar gidansa, na zauna wurin wata mai gasa ayaba.

An ce ayarin zai iso da hantsi. Cindo ya shiga madafa da kansa tun da sassafe, don ya riga ya cika baki cewa sirrin a hannunsa yake. Ya cika akushina da wasu manya biyu, ya rufe da faifai. Ruwa ya tsare ayari a hanya, ba su shigo ba sai bayan la'asar. Ina zaune ina lissafin inuwa.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, madugu ya zauna da manyan fatake, sarkin zango ma ya zo taya marhaba. Na matso cikin 'yan kallo. Cindo ya ajiye akushi gaban madugu da hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga koren da ka ji labari." Ya ɗaga faifai.

Baƙi ƙirin, har da wani ruwa-ruwa a gefe. Aka buɗe na biyu, aka buɗe na uku, duk haka. Duk wanda ya yi fatauci ya san abin da ake faɗa a kan mai masaukin da ke son kayan baƙonsa, a ci abinci a mance da dukiya, ko a kwanta ba a tashi ba. Madugu ya janye hannunsa a hankali.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni na yi, ranka ya daɗe, amma da safe kore ne. Wallahi kore ne."

Wani ya ce ai ga mai yin sa can tsaye. Aka buɗa mini hanya. Na durƙusa daidai yadda na durƙusa a Zugu. Madugu ya dube ni, na ga yana ƙoƙarin tuna inda ya san fuskar.

Ya ce, "Baiwar Allah, ke kika saba yin abin nan. Yakan yi haka da kansa?"

Kalma ɗaya ta isa ta wanke Cindo. In ce iska ce, a kankare sama. Ya zuba mini ido yana roƙo, gumi na bin wuyansa. Na dubi hannun nan mai yatsa shida, na ce, "Ranka ya daɗe, shekara ɗaya da rabi ina yi wa baƙin gidan nan, ba a taɓa ɗaga faifai an ga irin wannan ba."

Sarkin zango ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Cindo, sa hannu ka ci."

Da ya ci da ya tsira. Amma shi kansa bai san abin da ya baƙanta kwaɗon ba, kuma ya san abin da ya yi mini. A ransa ni na zuba wani abu a akushin kafin in tafi. Ya miƙa hannu, ya kai bakin akushi ya tsaya. Mutumin da bai taɓa ganin akushi ya ƙyale ba. Ya janye hannun ya ɓoye cikin riga.

Madugu ya miƙe ya ce a ɗaura wa jakai kaya. Ba zagi, ba duka. Fatake da suka daɗe a gidan suka shiga rumbu suna fitar da goronsu. Masu wucewa ta gabansa suna yin baya-baya da rigunansu kada su taɓa shi. Kafin rana ta faɗi ƙofar gidan ta zama wayam, sai shi zaune a kan tabarma da akushi uku.

Na je na zauna gabansa. Na jawo akushina, na kankare saman da yatsa, koren ya fito. Na yi bisimilla na kai baki. Ya yi yawan gishiri, kuma babu tsami, amma na ci. Yana kallona, bakinsa buɗe.

Ya ce, "Babu komai a ciki?"

"Babu komai. Iska ce."

"Kin sani, kika yi shiru?"

Na kwance bakin zanena na ajiye masa tsinken a kan tabarma, da busasshen zaren nan naɗe a jikinsa. Na ce, "Kai ma ka san kurkunu."

Ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa iska ce, har ya murtsuke wata fiya a tsakiyar kasuwa don ya nuna. Ba wanda ya tsaya kallo, abin da mutane suka riƙe shi ne an ce ya ci ya ƙi. Ba a yi wata biyu ba ya bar zangon da ƙunshi a ka, ba jaki, ba mai rakiya. Ban san inda ya ƙare ba, ban kuma tambaya ba.

Na biyo ayarin dawowa, na tsaya a Zugu na share kabarin da ke gindin kuka, na faɗa wa mai shi yadda aka yi. Fiya ba ta fitowa a ƙasarmu, na kawo ƙwallo biyu na shuka a bakin tafki, duk suka ƙone. Na koma zogalena da ramata. Malamai sun sha ce mini in nemi gafara a kan shirun nan da na yi, nakan ce musu na ji. Akushin yana nan, shi ne wancan da ke kife a kan randa, kuma tun ranar ba wanda na bari ya sa hannu a ciki sai ni.